Kakanmu sojan Bama ne ko na yaƙin Yaa Asantewaa? Yadda ake bin salsalar gida a zongon Kumasi

Wata 'yata daga unguwar Aboabo a nan Kumasi ta aiko mini da tambaya. Ta ce sun taso a gida ana faɗa musu cewa kakan mahaifinsu Bakano ne, ya shigo ƙasar nan ta Ghana cikin sojan Turawa, ya yi yaƙin Yaa Asantewaa, wato wanda Asante suka yi da Turawan Ingila, daga baya kuma aka kai shi Bama, wato Burma. Abin da ya rage nasa a gidan shi ne minda biyu a cikin gwangwani, ɗaya mai siffar tauraro ɗaya zagayayya, da hoto guda wanda ruwa ya fara ci, da tsohon Alƙur'ani rubutun hannu a cikin gafaka. Tana son ta rubuta wa ya haifi wa, wa ya auri wa, yaushe kowa ya rasu, tun kafin sauran tsofaffin su ƙare. Ta ina za ta fara, kuma wane ofis za ta je?

'Yata, Allah ya yi miki albarka da wannan niyya. Na daɗe ina wannan aiki, na gidanmu da na gidajen mutane, don haka bari in fara da ɗan lissafi, ki yi haƙuri idan ya taɓa labarin da kika taso da shi. An yi yaƙin Yaa Asantewaa a 1900. Sojojin Gwalkwas (Gold Coast, sunan Ghana kafin 'yancin kai) kuwa sun yi yaƙinsu na Bama ne a 1944 da 1945. Wanda ya riƙe bindiga a 1900, ko da yana ɗan shekara 18 a lokacin, ya kai 62 a 1944, kuma ba a tura ɗan shekara sittin da ɗoriya ya hau duwatsun Arakan da kaya a ka. Ke nan mutum biyu kuke da su, bakin mutane ya narkar da su ya zama ɗaya. Wannan ba ƙaryar kowa ba ce. Mu mutane ne masu mayar da suna: a sa wa jika sunan kakansa, matan gida su kasa kiran sunan saboda kunya, su koma ce masa Baba ko Abba ko mai sunan Malam. Bayan shekara hamsin duk wanda ya ce “Baba soja” ba ya bambance wanne yake nufi. Aikinki na farko shi ne raba waɗannan mutum biyu, kuma zan yi mamaki in ba uba da ɗa ba ne, ko kaka da jika.

Akwai abu na biyu. Turawan Ingila ba su ci Kano ba sai a watan Fabrairu na 1903. Saboda haka in har na farkon ya yi yaƙin 1900, ba a Kano aka ɗauke shi soja ba. Wani dalili ne ya fara fitar da shi daga gida, fataucin goro ta hanyar Gwanja, ko almajirci, ko basasar Kano ta 1893 zuwa 1895, ko wata ƙaddara da zan zo kanta, sannan ya shiga soja a Ikko, wato Legas, ko Lokoja ko bakin tekun ƙasar nan ko a ɗaya daga zangunan hanya. Ki riƙe wannan a ranki lokacin da kike sauraron tsofaffi.

Game da ofis, ki jinkirta tukuna. Takardar da ta kwana shekara tamanin a kan kanta za ta jira ki wata shida. Goggon babanki mai shekara tamanin ba ta yi miki wannan alkawari ba. Kuma kin yi sa'a da kike mace, domin salsalar gida a zongo a bakin mata take. Namiji zai lissafa miki ubanni uku ya tsaya, ya koma labarin sarauta da siyasa. Tsohuwa kuwa ta san wadda aka fara aura, da wadda ta fita ta dawo, da ɗan da aka haifa bayan rasuwar ubansa, da yarinyar da aka kai riƙo Tamale ba ta dawo ba. Ki je musu ɗaya bayan ɗaya, kada ki tara su, don in kin tara su babbar ce za ta yi magana sauran su ce haka ne. Ki tafi da goro da ɗan abin hannu, ki nemi izini kafin ki kunna wayarki ta ɗauki murya, ki kuma shirya komawa sau uku ko huɗu. Ziyarar farko gaisuwa ce kawai.

Kada ki tambayi tsohuwa “a wace shekara”. Za ta ba ki lamba don ta faranta miki, lambar kuwa ba ta da tushe. Ki tambaye ta da abin da gari ya gani. Lokacin da aka yi husufin da rana ta yi duhu, kina gidan miji ko kina gaban iyaye? Wannan 20 ga Mayu ne, 1947. Girgizar ƙasar Accra, 22 ga Yuni, 1939. Komowar sojan Bama, galibinsu 1946. Harbin tsofaffin sojoji a mararrabar Osu, 28 ga Fabrairu, 1948. 'Yancin kai da korar Alhaji Amadu Baba daga ƙasar, duka 1957. Sauya fam da sule zuwa sidi, 1965. Juyin mulkin da ya kifar da Nkrumah, 1966. Ranar da motoci suka koma bin hannun dama, 1974. Yunwa da gobarar daji da koro mutanenmu daga Nijeriya, 1983. Na can baya kuma, waɗanda ta ji a bakin uwarta: isowar jirgin ƙasa Kumasi a 1903, murar da ta kashe mutane a 1918, annobar ɓeraye ta 1924 wadda a dalilinta aka tashi wani sashe na tsohon zongo aka gina Sabon Zongo, da komowar sarkin Asante Prempeh na farko daga Seychelles a wannan shekarar. In ta ce “ina goyon babanki aka yi husufi”, kin sami haihuwarsa tsakanin 1945 da 1947, kuma wannan ya fi abin da ke kan katinsa gaskiya. Katunan tsofaffinmu cike suke da 1 ga Janairu, shekarar kuma akawu ne ya dubi fuska ya yanka.

Za ki tarar da wasu sun ɗaure fuska da zarar kin ce “daga ina kakanmu ya zo”. Kada ki ji haushi. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasar, kuma zongo ne ya fi kowa jin wannan dokar. An raba wa da ƙane, an sayar da gidaje a wulaƙance, mutanen da aka haifa a Kumasi sun hau mota zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. Akwai gidajen da suka ƙone duk takardar da ke ɗauke da sunan wani gari na waje, akwai waɗanda suka sauya sunan mahaifi. Wanda ya ga wannan da idonsa, tambayar asali har gobe tana yi masa kama da tambayar ɗan sanda. Ki faɗa musu tun farko cewa littafin na gida ne, na jikoki, ba za a kai shi ko'ina ba, ki kuma cika alkawarin. Sannan ki tambayi waɗanda suka tafi a 1969: rabin salsalarku na iya kasancewa a Kano ko Yamai ko Legas yanzu haka, kuma sau da yawa su suka tafi da takardun.

Sunayen kansu shaidu ne, in kin iya karanta su. Ladi, Talatu, Balarabe, Lami, Ɗanjuma, Asabe sun gaya miki ranar haihuwa. Azumi da Ɗan'azumi sun gaya miki wata. Tanko ya biyo bayan mata, Kande ta biyo bayan maza, Gambo ya biyo tagwaye, Audi kuwa an haife shi bayan ubansa ya rasu, wato haihuwarsa da mutuwar uban ba su wuce wata tara a tsakani ba. Ga kowane mutum ki rubuta sunan yanka, da laƙabin gida, da sunan da makaranta ko wurin aiki suka san shi da shi. Ki kula da na ƙarshen nan. Yara da yawa a zongo sun shiga makaranta da sunan mai gidan da ya riƙe su, ko kawu, ko mijin uwa. Gidajen manyan dillalan goro da shanu sun tara yaran gida da almajirai da agololi, duk ana kiransu 'ya'yan Alhaji. A zumunci haka ne, kuma ki rubuta su a littafin da matsayinsu. A layin nasaba kuwa kowa ubansa za ki ba shi, kamar yadda aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta yi umarni.

Yanzu Alƙur'anin nan. Shi na fi sa wa rai a cikin kayan ukun. Ki yi alwala, ki shimfiɗa farin zane, ki buɗe gafakar a hankali. Warƙoƙi ne a sake, ba ɗinki, don haka kada ki bari tsarinsu ya rikice, kuma ki dubi duk wata 'yar takarda da aka cusa a tsakani. Wurare biyu za ki fi dubawa: warƙar farko da ta ƙarshe. A ƙarshe marubuci kan sa sunansa da na ubansa, wani lokaci da garinsa da malaminsa da ranar da ya gama. A bayan warƙoƙin nan kuma masu gida kan rubuta haihuwa da rasuwa: an haifa mini ɗa namiji daren Alhamis, kaza ga watan Rajab. Ki ɗauki hoton kowace da waya, ki kai wa malamin da ya saba da rubutun warshu da ajami, wanda ya yi karatun allo na da.

Abin da ke kayar da mutane a nan shi ne ramzi. Malamanmu ba kullum suke rubuta shekara da lamba ba, sukan dunƙule ta cikin haruffa. Na taɓa zama da wani saurayi mai karatun Larabci na zamani a kan wata warƙa da ke cewa wance ta rasu a shekarar “shaslaz”: shinun, sinun, lamun, zayun. Ya lissafa da hisabin gabas, wanda yake ba shinun 300 da sinun 60, ya sami 397, ya ce rubutun banza ne. A hisabin Magariba da malamanmu suke bi, shinun 1000 ne, sinun 300, lamun 30, zayun 7. Ka tara ka sami 1337 ta Hijira, wadda ta kama a watan Oktoba na 1918, daidai lokacin da mura take ɗibar mutane a ƙasar nan. Tsohuwar gidan kuwa dama ta ce “a shekarar mura ta tafi”. Kin ga baki da takarda sun haɗu ba tare da ɗaya ya san da ɗaya ba, kuma irin wannan haɗuwa ita nake kira tabbaci. In kina son juya shekarar Hijira da sauri, ki ninka ta da 0.97 ki ƙara 622, za ki faɗa kan shekarar ko maƙwabciyarta.

Aure shi ya fi wahalar samu a takarda. Tun 1907 akwai dokar rajistar auren Musulmi a Gwalkwas, wadda ta ce a kai auren ofis cikin mako guda da ɗaurawa, amma mutanenmu kaɗan ne ƙwarai suka bi ta. Aure a wurinmu waliyyi ne da wakili da shaidu da sadaki da goro, sai fatiha. Don haka ki nemi gidan limamin da ya saba ɗaura auren gidanku, wasu limamai sun ajiye littafi. In babu, ki bi ta ɗaki ɗaki: matar farko, 'yar wane gida ce, wace ƙabila, 'ya'yanta bi da bi har da waɗanda suka rasu suna ƙanana, ta mutu a ɗakinta ko ta fita, in ta fita wa ta aura. Kada ki yi mamakin jin cewa uwargidan sojan farko Batoniya ce, wato 'yar Asante, ko 'yar Dagwamba ko Bagurunsa. Maza ne suka zo, a nan suka yi aure, kuma a barikin soja har magajiya ake naɗawa mai kula da sha'anin matan sojoji. Takarda ɗaya ce ke tattara duk wannan wuri guda, ita ce ta rabon gado. Malamin da ya raba dole ya lissafa matan da mamaci ya bari da 'ya'yansa maza da mata, kuma ba a mantawa da kowa a ranar rabon gida. Ki tambaya wa ke riƙe da ita. In rigimar gadon ta kai kotu, to kin yi dace ta wata fuskar, domin shaidu sun tsaya sun zayyana dangantaka a gaban alƙali, akawu yana rubutawa.

Haihuwa da mutuwa ba zan tsaya a kansu da yawa ba. Dokar rajistarsu ta 1912 manyan garuruwa kaɗan ta shafa, sai a 1965 aka yi wadda ta game ƙasa. Kafin nan samun takardar haihuwar ɗan zongo sa'a ce. Abin da ya fi amfani shi ne littafin ɗaukar ɗalibai na tsofaffin makarantu, mai ɗauke da sunan uba da sana'arsa, da fasfon aikin hajji, da takardun fili da rasit ɗin harajin gida, waɗanda ke nuna shekarar da sunan mai gida ya sauya daga uba zuwa ɗa. Kaburburanmu na da a Tafo kuwa ba su da alluna, sai dai wanda ya halarci jana'iza.

To, mu zo kan soja, inda takarda ta fi yawa kuma ta fi yaudara. Asalin abin daga Ikko ne, inda Kyaftin Glover ya kafa rundunar da ake kira ta Hausawa a 1863. Ya zo da su yaƙin Tonawa na 1873 zuwa 1874. A 1879 aka kafa wa Gwalkwas tata rundunar, a 1901 ta zama rejimantin Gwalkwas a cikin rundunar Afirka ta Yamma. Sun shiga Kumasi a 1896 lokacin kama Prempeh, suna cikin ganuwar Kumasi da aka yi wa ƙawanya a 1900, su suka shiga Togo a watan Agusta na 1914, sannan Kamaru, sannan Afirka ta Gabas daga 1916 zuwa 1918. A yaƙin duniya na biyu sun yi Habasha a 1941 kafin Bama. Sunayen barikokinmu ma tarihin nan ne: Kamina a Tamale daga Togo, Uaddara a nan Kumasi daga Habasha, Myohaung a Takoradi da Burma Camp a Accra daga Bama.

Abin da ya kamata ki fahimta shi ne, a bakin Bature “Hausa” sunan aiki ne. Hausa ce harshen bariki, da ita ake ba da umarni, don haka duk ɗan arewa da ya sa kaki ya zama Bahaushe a takarda: Gurunsawa, Mosawa, Dagarti, Farafara, Zabarmawa, Barebari, Fulani, har da Yarbawa. Ranar ɗauka kuma akawu ba ya tambayar sunan uba. Sunanka yake rubutawa ya liƙa masa gari ko ƙabila, irin su Musa Kano, Ali Moshi, Garba Sakkwato. Sojan da aka ce shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a yaƙin 1914, a Togo, sunansa a takarda Alhaji Grunshi, kin ga ƙabilarsa ce ta zama sunan mahaifinsa. In masu suna ɗaya suka yi yawa sai a bambanta su da na biyu, na uku. Garin da aka rubuta ma ba lallai mahaifa ba ce, yana iya zama inda mutum ya fito a tafiyarsa ta ƙarshe, ko garin da ya ga ya fi kwarjini. Ga kuma rubutun kunnen Bature: Ibrahim ya zama Braimah ko Brimah, Muhammadu ya zama Mahama ko Mama, Garba ya zama Garuba, Usman ya zama Osumanu, Audu ya zama Awudu, Sa'idu ya zama Seidu. In kina nema a intanet sai kin gwada kowane.

Saboda haka suna ba ya kama soja, lamba ce take kama shi. Ni kaina na sha wannan darasi. Na taɓa samun sunan da ya yi daidai da na wani kakanmu a jerin waɗanda aka ba minda, suna da gari duka, na yi murna na shelanta wa dangi, har aka karanta a wurin wata sadakar arba'in. Bayan shekara biyu wata gwaggona ta fito da littafin sallamarsa daga ƙasan adaka, nannaɗe cikin tsohon kallabi, gefensa duk gara ta ci. Lambar da ke ciki daban take da wadda na samo. Kama da wane ba wane ba ce. Sai da na bi gida gida ina janye maganata, kuma har yau akwai waɗanda suka fi son tsohon labarin domin wancan mutumin saje ne, namu kuwa farabiti.

Ki ɗauko gwangwanin nan ki fita tsakar gida inda haske yake. Kada ki goge mindar da toka ko yashi ko lemun tsami, tsumma mai laushi ya isa. Mai siffar tauraro, in ƙusurwa shida gare ta kuma an rubuta Burma a jikinta, ta sojan na biyun ce, wanda ya je Bama, kuma kada ki sa ran suna a bayanta, galibin mindodin yaƙin duniya na biyu haka aka raba su ba suna. Zagayayyar ita ce abin dubawa. In kan Sarki Edward na bakwai ne a gaba da zaki a baya, ta yaƙin 1900 ce. In Sarki George na biyar ne, da mahayin doki da 1914 da 1918 a baya, ta yaƙin duniya na farko ce. Waɗannan biyun a kan kaurin gefensu ake buga lambar soja da muƙaminsa da sunansa da rundunarsa, da ƙananan haruffa, ki juya ta a hankali kamar mai duba bakin kwabo. In kuwa George na shida ne da zaki a kan dodo, to ita ma ta Bama ce, duka biyun na mutum ɗaya ne, sai mu koma neman littafin sallama ko katin fansho. Lambar sojan Gwalkwas a yaƙi na biyu tana farawa da GC, ta Nijeriya da NA, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna miki a inda aka ɗauke shi. Hoton ma ki juya bayansa, masu ɗaukar hoto kan buga hatiminsu da sunan gari. Ki tambaya kuma ko an taɓa ganin tauraro na biyu mai rubutun Africa a gidan. Birged ɗin Gwalkwas da ta yi Habasha ita ce daga baya ta tafi Bama a cikin runduna ta 82, wata birged ɗin kuma tana cikin ta 81 wadda ta yi kwarin Kaladan, don haka mai taurari biyun nan ya fi kusa da ta 82.

Da lamba a hannu sai ofis ya yi amfani. Na yaƙin 1900 da na 1914, jerin waɗanda aka ba minda yana ma'ajiyar takardun gwamnatin Ingila da ke Kew, ƙarƙashin WO 100 da WO 329 da katunan WO 372, kuma ana iya binciken da yawansu ta intanet daga nan Aboabo. Na Bama, ki fara da ofishin hukumar tsofaffin sojoji ta VAG, ki tafi da kwafin duk abin da kike da shi, su nuna miki yadda ake rubuta wa rundunar sojan Ghana a Burma Camp, domin ita ta gaji rejimantin. Littafin da kowace bataliya take rubuta abin da ya faru kullum a Bama yana Kew ƙarƙashin WO 172. Da wuya ya ambaci farabiti da suna, amma zai gaya miki inda bataliyarsa take a kowane mako, wane kogi suka ƙetare, yaushe aka yi artabu. In akwai ɗan gidanku da ya tafi bai dawo ba, ki nemi sunansa a rajistar hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth, kyauta ce. Na Bama da ba a san kabarinsu ba suna jikin bangon tunawa na Rangoon, wasu kuma suna kwance a maƙabartar soja ta Christiansborg a Accra. In ba ki ga na yaƙin farko ba, kada ki ce labarin ƙarya ne: hukumar da kanta ta amsa a rahotonta na 2021 cewa dubban 'yan Afirka da suka mutu a wancan yaƙi ba a rubuta sunayensu ba. Ki kuma shiga ganuwar Kumasi, wadda yanzu gidan tarihin soja ce, ki ga hotuna da kaki da bindigogin zamanin, ki gwada da hotonku. Ma'ajiyar takardun ƙasa, PRAAD, tana da reshe a nan Kumasi da Tamale ban da hedkwatarta a Accra, a can ake samun fayilolin sarautar zongo da ƙararrakin fili da koke-koken tsofaffin sojoji. Ki ware kwanaki, ba aikin yini ɗaya ba ne.

Saura ƙaddarar da na ce zan zo kanta. Da yawa daga sojojin farko bayi ne da suka gudu, ko waɗanda aka 'yanta, kaki ya zama musu mafaka. A shekarun 1880 da 1890 mayaƙan Zabarmawa ƙarƙashin Babatu sun kwashi mutane masu yawa a ƙasar Gurunsi, kasuwar Salaga kuma tana karɓa har basasar 1892 ta watsa garin. Yaron da aka kama yana ɗan shekara bakwai, ya tashi a gidan Bakano, ya musulunta, ba ya jin wani harshe sai Hausa, in aka tambaye shi ranar ɗaukar soja Kano zai ce, kuma a ganina bai yi ƙarya ba. Ina faɗa miki ne don kada ki ci karo da shi ba shiri. Hanyar gwadawa ita ce ki nemi abin da ya wuce kalmar Kano: wace unguwa ko wane ƙauye, wace sana'a, wane irin zane ne a fuskarsa, me maroƙa suke cewa in suna yi wa gidanku kirari a wurin biki. Zuriyar fataken goro irin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun san kansu, suna da zanensu, kuma sukan riƙe sunan garin da suka baro. In aka ba ki unguwa da sunan gida, tafiya Kano ta kama ki. In kowa ya tsaya a “Kano dai”, ga kuma zanen da tsofaffi suka kwatanta bai yi kama da na can ba, ki rubuta abin da kika ji yadda kika ji shi, ki bar layin a buɗe. Ni ban ga abin kunya ga mutumin da aka raba da uwarsa yana yaro, ya rayu, ya kafa gidan da yau ya cika da jikoki ba. Amma ba ke kaɗai ke da kakan ba, don haka ki shawarci manya kafin ki karanta wannan babi a taro. Gwajin jini da ake tallatawa kuwa zai iya haɗa ki da dangi na kusa da suka yi gwajin, ba zai ba ki sunan gari ko na uba ba.

Wajen rubutawa, ki sayi babban littafi mai bango, mutum ɗaya shafi ɗaya, ki fara da kanki ki yi sama, kada ki tsallake tsani ko ɗaya don kin hango wani babban suna a can ƙoli. Kowace magana ki sa mata wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa, ko takardar da kika gani da wanda ke riƙe da ita. Ni biro nake sa wa abin da shaidu biyu da ba su haɗa baki ba suka tabbatar, sauran duka fensir. Takardun mutane kuma ki ɗauki hotonsu a gabansu ki mayar musu a take, aron takarda ya raba zumunci fiye da yadda kike zato.

Ki fara da goggon da ta fi kowa tsufa a wannan makon. In kin dawo ki duba gefen zagayayyar mindar, ki aiko mini da abin da kika karanta, harafi da lamba yadda suke, har da gurbin waɗanda suka goge. Daga nan za mu san ko Kew za mu fara nufa ko Burma Camp.